Wane suna za mu ba wa kayan ɗakin da mai saye ke haɗawa da hannunsa?

Kwanaki na zauna fassara wani bayani a kan kayan ɗaki masu rahusa, sai na ci karo da abin da Turawa ke kira "flat-pack", wato gado ko kabad ko tebur da ake sayarwa a warwatse cikin kwali, da notuka a ƙulle cikin leda da takarda mai zane, mai saye ya kai gida ya haɗa da kansa. Na rasa kalma guda da zan sa a wurin, shi ya sa na kawo maganar nan domin mu tsayar da suna tare.

Kamfanin da ya fi shahara da wannan sana'a shi ne IKEA, wanda Ingvar Kamprad ya kafa a Suwidin a 1943. Kamar yadda kamfanin ke ba da labari, a 1956 wani ma'aikacinsa mai suna Gillis Lundgren ya cire ƙafafun wani tebur don ya shiga mota, daga nan aka lura cewa kayan da aka shimfiɗe a kwali ba sa cin wuri a jirgi ko a ɗakin ajiya, kuma idan mai saye ne ya yi aikin haɗawa, kuɗin kafinta ya fita daga farashi. Daga waɗannan abubuwa biyu arhar take fitowa.

Sunan farko da ya zo mini shi ne "kayan haɗi", amma duk wanda ya taɓa shiga madafi ya san kayan haɗi na miya ne da kunun aya, saboda haka na ajiye shi. "Kayan kwali" ya fi kusa da ma'anar Turancin, sai dai mai sauraro zai ɗauka da kwali aka yi kayan, wanda hakan yanke hukunci ne tun kafin a duba su.

Wanda ya fi jan hankalina, kuma na fi daɗewa a kansa, shi ne "kwance-ɗaure". Yana da daɗi a baki, kuma daga bakin kafintocinmu ya fito, domin ranar jere cewa ake yi a kira kafinta ya ɗaura gado, ranar tashi daga gida kuma a kira shi ya kwance. Duk da haka ina ganin sunan yana ɗaukar alkawarin da yawancin kayan ba za su cika ba. Masu arha daga cikinsu ba da tsagwaron katako ake yin su ba. Ana tara diddigar katako ne a gauraya da gam, a matse da zafi har ta zama allo, sannan a lulluɓe fuskarta da siririyar leda ko takarda mai kamar zanen itace. Idan aka murɗa sukuru cikin irin wannan allo karo na farko yakan kama sosai, amma idan aka warware aka sake murɗawa, sai ramin ya rududduge ya faɗaɗa, noti ya yi ta juyawa ba ya riƙe komai. Na ga haka a kabad ɗin da muka tashi da shi daga gidan haya sau biyu: a karo na biyu ƙofarsa ta ƙi tsayawa, sai da aka cusa tsinke da gam a ramukan. Ruwa ma abokin gabarsa ne, domin idan gefen da ba a rufe ba ya sha laima, ko ta goge-gogen ƙasa ko ta danshin damina, sai ya kumbura kuma ba ya komawa yadda yake. Dogon allo kuwa, idan aka jibga masa littattafai ko tangaran, a hankali yake lanƙwasa ta tsakiya. Wanda ya ji "kwance-ɗaure" zai zaci kayan da zai yi ta yawo da su ne daga gida zuwa gida, alhali zaman wuri guda ya fi musu.

Sai dai bai kamata a ɗora wa dabarar haɗawa laifin da yake na allo ba ne. Tun a 1859 wani maƙerin kujeru mai suna Michael Thonet ya fitar da kujerarsa mai lamba 14 a birnin Biyana na ƙasar Austria, wadda aka yi da tsagwaron itace da aka lanƙwasa da tururi, guntaye shida ne kawai da 'yan notuka, ana aika ta ƙasashe a warwatse, kuma har yau ana samun tsofaffinta ana zama a kansu. Ashe ke nan muna bukatar kalmomi biyu: ɗaya ta yadda ake sayar da kayan, ɗaya ta abin da aka yi su da shi.

Ga ta farko, na tsaya a kan "ɗaura-da-kanka". Ginin kalmar ba baƙo ba ne a Hausa, irin na "taɓa-ka-lashe" da "ci-ma-zaune" ne, kuma ya yi amfani da fi'ilin da kafinta da masu jere suka riga suka sani. Ya kuma faɗa wa mai saye gaskiya cewa rabin ƙarkon kayan a hannunsa yake, domin kabad ɗin da ba a daidaita kusurwarsa ba, ko aka yi wa allon bayansa ƙusa rabi da rabi, ba ya daɗewa sai ya karkace. Akwai wani abu mai nauyi da kalmar ta ƙunsa, wato ɗaure kayan a jikin bango. A 2016 IKEA ya janye durowoyi kimanin miliyan 29 a Amurka, ciki har da samfurin Malm, bayan wasu sun rikito sun kashe ƙananan yara da suka jawo aljihunansu ko suka hau kansu. Ɗan ƙarfen da ake kafe durowa da shi a bango yana cikin aikin ɗauri, kuma mutane da yawa sukan bar shi a leda.

Ga ta biyu, ina ba da shawarar "katakon diddiga" ga allon da ake ganin ɓarɓashi a gefensa, shi kuma mai laushin ciki da kafintoci ke kira MDF a ce masa "katakon gari". Da haka mai sayen kayan ɗakin 'yarsa zai iya tambayar mai shago kai tsaye: wannan gadon ɗaura-da-kanka ne, na sani, amma da katakon diddiga aka yi shi ko da tsagwaron katako? Zan so kafintoci da masu shagunan kayan ɗaki da ke cikinmu su gwada waɗannan sunaye a bakin aikinsu, su faɗa mana wanda ya zauna a harshen masu saye.