Shekara biyu a sabon wuri, har yanzu ina jin kaina baƙo

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan da aiki ya kai ni garin da ban san kowa ba, kuma duk da cewa ina gaisawa da maƙwabta kullum, ina kuma cikin zaurukan WhatsApp fiye da goma, na tabbata da zan yi mako guda ban fito ba, babu wanda zai tambayi lafiyata. Abin yana damuna ƙwarai. Ta yaya mutum yake zama ɗan gida a cikin jama'ar da ba a cikinta ya tashi ba?

Malamar makaranta: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sabo yana buƙatar lokaci mai yawa, fiye da yadda muke zato. A 2018, Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas da ke Amurka ya ƙiyasta cewa sai an shafe kusan awa 50 tare kafin sanin ido ya zama abota ta sama-sama, kuma fiye da awa 200 kafin a kai ga aminci. Ka lissafa gaisuwarka ta minti biyu a bakin ƙofa, za ka ga a shekara biyu ba ta cika awa 25 ba. Shawarata ita ce ka zaɓi taro guda ɗaya wanda mutanensa ba sa canzawa, ko na karatu ne ko na motsa jiki ko na aikin sa kai, ka riƙa zuwa kowane mako har fuskarka ta daina zama sabuwa.

Dattijo mai ritaya: Malama ta yi gaskiya, amma zuwa kaɗai bai wadatar ba, ɗana. Na yi shekara guda ina halartar taron wata ƙungiya, ina zama a baya, ana yi mini sannu da zuwa cikin mutunci kamar yadda ake yi wa baƙo. Al'amarin bai canza ba sai da na karɓi aikin da kowa yake gudu, wato buɗe ɗakin taro da shirya kujeru. Ranar da rashin lafiya ta kwantar da ni, mabuɗin ɗakin ne ya fara kawo 'yan ƙungiyar gidana, wannan ban musa ba, amma sun zauna, kuma sun dawo washegari ba don mabuɗi ba. Sannan ka koyi neman taimako, domin wanda kullum yake nuna ba ya buƙatar kowa, mutane sukan ɗauke shi a kan maganarsa, su ƙyale shi cikin girmamawa.

Wata 'yar'uwa: Zan ƙara da cewa kada ka sa ran kowa da kowa ya zama naka. Robin Dunbar na Jami'ar Oxford ya yi bayanin cewa alaƙar da mutum zai iya riƙewa ta kusan mutum 150 ce, kuma na kusa da zuciya a cikinsu kamar biyar ne. Idan ka samu biyu da za su lura da rashinka, ka yi nisa.

Mai tambaya: Na gode muku duka. Baba, maganarka ta taɓa ni, domin sau biyu wani maƙwabcina ya yi mini tayin taimako lokacin da na tare, na ce masa babu komai, alhali akwai. Gobe da yamma zan ƙwanƙwasa masa ƙofa.