Tsofaffin takardun laburare, ta ina ake fara sa su a kwamfuta?

Ɗalibar Tarihi: Salam jama'a, laburaren jiharmu cike yake da tsofaffin jaridu, jiya na ɗaga wata sai gefenta ya marmashe a hannuna wallahi abin ya dame ni. Ta ina ake farawa?

Tsohon Ma'aikaci: Wa'alaikumussalam 'yata, ku fara da waɗanda suka fi lalacewa, a yi sikanin aƙalla 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto ke nan), a adana hotunan a tsarin TIFF don tsarin JPEG yana rage inganci, littafi mai ɗinki kuma kar a danne shi a sikana, a ɗauka da kyamara ta sama.

Mai Bincike: Kowane hoto a rubuta masa shekara da inda aka samo shi, in ba haka ba nemowa sai ya gagara.

Ɗalibar Tarihi: Baba kwafi ɗaya ya isa?

Tsohon Ma'aikaci: Ina! Uku, ɗaya a wani gini daban.