Turancin Ingila ko na Amurka: abin da muka gani a ɗakin labarai

Sabuwar wakiliya, Kano:
Assalamu alaikum. Watana huɗu ina aika rahoto da Turanci, kuma kusan kullum sai edita ya dawo mini da shi cike da gyara. Na rubuta "labor" da "defense", ya mayar da su "labour" da "defence". Kwamfutata ce ma take ja wa na Ingilan jan layi. Magabata, yaya kuka yi da wannan?

Tsohon edita, Kaduna:
Wa alaikumus salam, 'yata. Fara da sauya harshen kwamfutar zuwa Turancin Ingila, rabin wahalar ta ƙare. Shi muka gada, shi ya sa ma'aikatar tsaronmu take "Ministry of Defence", jam'iyya kuma "Labour Party".

Amma ga inda na fi son ki kula: suna ba a yi masa gyara. A 2020, lokacin korona, wani matashi a teburina ya ga hukumarmu ta yaƙi da cututtuka, NCDC, tana rubuta "Centre", sai ya mayar da "Centers" ɗin takwararta ta Amurka zuwa rubutun Ingila, ya daidaita su. Ya kuma cire "z" ɗin "World Health Organization" ya sa "s". Niyyarsa mai kyau ce, yana son labarin ya tafi bai ɗaya. Na zaunar da shi na ce, yadda mai suna ya rubuta sunansa haka za ka bar masa, ko da ya saɓa wa tsarin gidanmu.

Mai tace labarai, Abuja:
Gaskiya ne, Baba. Ni kwanan wata ne ya taɓa jefa ni cikin kunya. Sanarwa ta zo daga wata ƙungiyar Amurka ɗauke da 6/7, na ɗauka 6 ga Yuli ne, ashe 7 ga Yuni suke nufi, don su wata suke fara sawa. Sai da muka buga gyara washegari. Tun ranar nake rubuta sunan wata da haruffa.

Wakili, Maraɗi:
Mu nan Faransanci ne ke shiga tsakani. An taɓa mayar mini da sunan Mahamadou Issoufou, tsohon shugaban Nijar, zuwa "Muhammad Yusuf" a labarin Turanci, wai an gyara. Raina ya ɓaci ƙwarai, don mai neman labarin a intanet ba zai same shi ba. Ku ma ai ba ku yarda a ce "Mohammed Buhari", Muhammadu ne. Kuma kada a zubar da alamar da ke cikin Yar'Adua.

Edita, Jos:
Ƙanwata, ni abin da ya fi damuna alamar zance ce. Mutum ya yi magana da Hausa, ɗan jarida ya fassara son ransa, sannan ya kulle ta da alamar zance kamar daga bakinsa ta fito. Wani dattijo ya taɓa zuwa har ofis da jarida a hannu, ya ce, "Ɗana, ni ban faɗi haka ba." Na saurari muryar da aka naɗa, na tarar yana da gaskiya: ya ce yana jin an yi, mu kuma muka rubuta an yi. Yanzu idan fassarar ba ta bi maganar sau da ƙafa ba, cire alamar nake yi in rubuta cewa ya ce kaza.

Sabuwar wakiliya, Kano:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na sauya harshen kwamfutar yanzu, kuma gobe zan roƙi edita ya ba ni kundin tsarin rubutun gidanmu. Saura tambaya ɗaya, Baba: "Dr" da ɗigo kuke rubutawa ko babu?

Tsohon edita, Kaduna:
Babu, a tsarin Ingila. Amurkawa ne ke sa masa ɗigo.