Wa ke da alhakin kula da fadar shugaban ƙasa ta Yamai?

Ɗan Yamai:
Assalamu alaikum, ƴan uwa. Fadar shugaban ƙasa asalinta gidan gwamnan Faransa ne, wanda aka gina bayan an mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, kuma a cikinta Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, ya zauna bayan samun ƴancin kai a 1960. Shin gyaranta yana wuyan ofishin shugaban ƙasa ne, ko ma'aikatar al'adu?

Malamin tarihi:
Wa alaikumus salam. Kuɗin gyara daga baitulmali suke fitowa, amma tunda dokar 1997 ta tanadi kare kayan tarihin ƙasa, ya kamata a nemi shawarar ma'aikatar al'adu kafin a rushe bango ko a sauya fasalin ginin.

Tsohon magini:
Malam, maganarku gaskiya ce. Abin da ke cin tsohon gini shi ne ruwan damina da ke kwanciya a rufi idan indararo ya toshe, da gara da ke cinye katakon tagogi, don haka duba shi duk shekara kafin ruwa ya sauka ya fi fenti amfani.

Hajiya daga Tawa:
Ina roƙon a tuna da tsofaffin gidajen hukuma na jihohi ma, domin su ne idon mahukunta bai cika kaiwa gare su ba.