A ba shi kunu washegarin aikin hanji, ko a jira iska ta fita?

Likitan tiyata: Salamu alaikum. Ga matsayina: wanda aka yanke wa sashen babban hanji aka haɗa, a aikin da aka shirya tun da wuri, a ba shi ruwa ya kurɓa awa 4 bayan ya farfaɗo, washegari kunu da abinci mai laushi. Ba sai an jira ya fitar da iska, wato tusa, ba. Henrik Kehlet na Denmak ya fara wannan tsari a shekarun 1990, tsarin da ake kira ERAS yanzu, wato matakan gaggauta murmurewa bayan tiyata.

Babbar sista: Wa alaikumus salam, Likita. Ɗinki ɗanye ne fa. Ka tura masa kunu, ya yi amai, ciki ya kumbura, ɗinki ya buɗe. Wa zai ɗauki alhakin?

Likitan tiyata: Sista, hanji ba ya zama fanko don an hana mutum ci. Yawu, ruwan tumbi, ruwan matsarmama da na sauran sassa sun kai lita 6 zuwa 8 a rana, suna ta gangarawa ko ya ci ko bai ci ba. Abin da ke sa ɗinki yoyo shi ne jini bai isa bakin yankan ba, ko an haɗa bakunan hanjin a tsananin jan juna, ko jiki ya rame. Yunwa tana ƙara ramar ne.

Likitan sa barci: Aman da kike tsoro, Hajiya, sau da yawa daga hannunmu yake. Mofin da fetidin, magungunan kashe zafi masu ƙarfi, suna kashe motsin hanji. Ƙarin ruwa mai gishiri idan ya yi yawa, bangon hanji yana jiƙewa ya kumbura, ya ƙi aiki. Mutum ya ƙara kilo 3 cikin kwana 2, ruwa ne ba ƙiba ba. Don haka farasitamol giram 1 kowace awa 6 ga babba mai lafiyar hanta, allurar kashe zafi ta baya idan an buɗe ciki, maganin amai tun a ɗakin tiyata, a cire robar hanci, wadda ake zurawa ta hanci zuwa tumbi, kafin ya farka, a cire ƙarin ruwa da zarar yana sha sosai. Kafin aiki kuma: abinci har saura awa 6, ruwa garai har saura awa 2.

Mai kula da abincin marasa lafiya: A fayyace wa 'yan jinya ma'anar garai, Likita. Ruwa ne ko shayi ba madara. Koko da kunun gyaɗa ba sa ciki, hukuncinsu na abinci ne. Ruwan sukarin da tsarin ya tanada mililita 800 ne da daddare, 400 saura awa 2, kuma a yi hattara da mai ciwon sukari.

Babbar sista: Na ji. To ku duba gadajenmu. Da yawa ba masu aikin shiri ba ne. Yaro ne taifot ta huda masa hanji, ya kwana uku a gida, ciki cike da mugunya. Shi ma kunu washegari?

Likitan tiyata: A'a, a nan gaskiyarki ce. Wannan hanjinsa ya tsaya tun kafin wuƙa ta taɓa shi. Robar hanci tana nan har ruwan da take fitarwa ya ragu, ciki ya sauka, sannan a fara da kurɓi. Amma sauran matakan suna yi masa amfani: a ɗumama shi, a zaunar da shi da wuri, a rage mofin.

Mai gashin ƙashi: Tashin nan shi ake yi wa sakaci. Awa 2 a kujera ranar aiki, daga washegari awa 6 ba a kan gado ba. Mai robar fitsari da robar hanci da ƙarin ruwa a hannu ba zai taka ba, ɗaure yake. Kwanciya kuwa ita ke kawo ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Robar fitsari ta fita a rana ta farko, sai in aikin ƙasan ƙugu ne.

Likitan sa barci: Shi ya sa ɗaukar ɗaya a bar tara ba ya aiki. Binciken da aka yi a Sitokhom, babban birnin Siwidin, aka fitar a 2011 ya nuna matsaloli sun ragu a fili ga waɗanda aka cika wa fiye da kashi 70 cikin 100 na matakan. Ka ba da kunu kana ɗura mofin da ruwan gishiri, amai za ka gani, sai a ce tsarin ne.

Babbar sista: Ciyarwar na yarda, da sharaɗin in ya yi amai sau biyu ko ciki ya tashi a tsayar a mayar da roba ba gardama. Sallama a kwana na 3 ko 4 ce ban yarda ba. Yoyon ɗinki yakan bayyana wajen kwana na 5 zuwa 7, lokacin mutum yana ƙauye, mota sai ranar kasuwa.

Likitan tiyata: Ba kwana ake ƙirgawa ba, Sista. Sai yana ci, yana tafiya, ƙwaya tana riƙe masa zafi, ya fitar da iska, ba zazzaɓi, bugun zuciya ƙasa da 100. Inda ake gwajin CRP, wato gwajin jini mai nuna kumburi a jiki, in ya haura 150 a kwana na 3 ko 4, ba ya tafiya.

Babbar sista: A ƙara ɗaya. Wanda gidansa ke da nisa ya sauka wurin dangi a cikin gari har kwana 7, a ba shi lambar ɗakin jinya a rubuce, mu kira shi washegarin sallama mu tambayi zazzaɓi, amai da ciwon ciki.