Fostar da na kai taro: shin a nan binciken zai tsaya?

Ummu Sumayya, Jidda:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga manyanmu. Ina horon ƙwarewa a fannin likitan iyali a nan Jidda, bara kuma na kai fosta, wato babbar takardar da ake manna sakamakon bincike a kai, wani taron likitoci a Riyad. Binciken kan masu ciwon suga ne da ke azumin Ramadan. Mun kwatanta waɗanda aka zaunar tun Sha'aban aka yi musu bayani da waɗanda aka miƙa wa takarda kawai, mu ga ko faɗuwar suga za ta ragu. Ba mu ga bambanci ba. Babban likitan da ke kula da ni ya ce in bar shi haka, tunda satifiket ya fito, kuma ba mujallar da ke marmarin sakamakon da bai nuna komai ba. Abin ya tsaya mini a rai. Dattawan nan, har da Hausawanmu na unguwa, sun yi ta soka yatsa da azumi a bakinsu suna rubuta mana lamba. Haka aka saba? Cikin abstrak ɗin da ake gabatarwa a taro, wato taƙaitaccen bayanin bincike, nawa ke zama cikakkiyar maƙala a mujalla?

Baban Khalil, Makka:
Wa alaikumus salam ƙanwata. An bincika wannan sosai. A 2018 Roberta Scherer da abokan aikinta sun fitar da nazari a Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya tana tantancewa, suka haɗa rahotanni 425 da suka bi sawun abstrak sama da dubu 300. Kashi 37 cikin 100 ne kawai suka fito a mujalla. Ko da aka lissafa har shekara 10 bayan taron, bai kai rabi ba, kashi 46 ne. Gwajin da ake raba marasa lafiya ta ƙuri'a ya fi samun fita, kusan kashi 69. Wanda aka gabatar da baki ya fi fosta sa'a, mai sakamako mai daɗi kuma ya fi irin naki.

To a nan illar take. Idan mutum goma suka gwada abu, uku suka ga amfani suka buga, bakwai suka yi shiru, mai karatu zai ɗauka an gama magana, alhali rabin labari ya ji. Shi ya sa Sanarwar Helsinki, wato ƙa'idojin ɗa'a na binciken lafiya a kan mutane, ta ce a fitar da sakamako ko da bai nuna amfani ba. Abstrak kuwa bai isa hujja ba: 'yan layuka ne, ba a tantance shi da kyau, wani lokaci ma lambobin kan canza kafin maƙala ta fito. Ki rubuta.

Ɗan Mai Wurno, Madina:
'Yar'uwa, kada ki ɗora wa editoci laifin duka. Da aka tambayi waɗanda ba su buga ba, dalilin da ya fi yawa rashin lokaci ne, yawancinsu ko aikawa ba su yi ba. Nawa binciken kan zazzaɓin sauro ne ga masu juna biyu, na gabatar a Khartum. Bayanan suna cikin kwamfutar sashenmu lokacin da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Yau abstrak ɗin kaɗai ya rage, matan da suka ba mu jininsu kuma sun watse. Ki ajiye kwafi a wuri biyu yau ɗin nan. Ki duba Saudi Medical Journal ko Annals of Saudi Medicine, maganar azumi tasu ce. Ki guji masu turo imel suna alkawarin bugawa cikin mako guda, kuɗinki suke so.

Ummu Sumayya:
Allah ya saka da alheri, Allah ya zaunar da Sudan lafiya. Yaya, idan babban nawa ya ƙi sa hannu fa? Sunansa na kan takardar izinin kwamitin ɗa'a.

Baban Khalil:
Kada ki tsallake shi. Ki fara rubuta yadda aka yi aikin da teburan sakamako, ki kai masa a takarda, ki ce gyara kike nema. Yawancin manya aikin ne suke gudu, in sun ga an yi, sukan sauko. Ki kuma faɗa a maƙalar cewa an taɓa gabatar da ita a taron Riyad, mujallu na son a bayyana haka.