Abin da waɗanda suka je Xi'an suka ce a gani

Na tattara shawarwarin 'yan uwa da suka taɓa zuwa Xi'an, tsohuwar hedikwatar daular Tang a China. Kusan kowa ya ce a fara da sojojin yumɓu na sarki Qin Shi Huang, waɗanda manoma suka ci karo da su a 1974 suna haƙa rijiya, dubbai ne a jere kuma kowanne da tasa fuskar, amma fa a yi sammako don wajen yana bayan gari kuma cunkoso ba a magana.

Ganuwar birnin ta kai kusan kilomita 14, ana hayar keke a zagaya ta sama, gara da yamma in rana ta yi sanyi.

Ni dai abin da ya fi taɓa min zuciya Babban Masallacin unguwar Musulmi 'yan Hui ne, ginin katako irin na gargajiyar China, har yau ana salla a ciki. Nan kusa ga abincin halal, musamman romon rago da kai da kanka za ka gutsuttsura gurasa a kwano kafin a zuba.

Wasu sun ce a guji makon farko na Oktoba, hutun ƙasa ne. Fasfo kuwa kar ya bar aljihu, da shi ake yankar tikiti.